Ledar da Ba Ta Wuce Kwana Biyar

Ɗan ƙanwata yana cikin zagayen farko na maganin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, bayan an gano yana da sankarar jini, sai wata safiya uwarsa ta naɗe masa ƙafar wando ta ce, "Yaya, dubi nan." Ƙwaurinsa duk ɗigo-ɗigo ne ja, ƙanana ƙwarai, ba ƙaiƙayi ba zafi, ko ka danna da yatsa ba sa ɓacewa. Dasashinsa ma yana tsattsafo da jini ba tare da an taɓa shi ba. Takardar gwajin ranar ta nuna filatilet ɗinsa, wato ƙwayoyin da ke tsayar da jini, sun sauka ƙasa da 10,000. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikurolita ta jini, ita kuwa maikurolita kashi ɗaya ce cikin miliyan na lita, ba ta kai ɗigo guda ba ko kusa. Idan adadin ya yi ƙasa haka, jini kan ɓalle da kansa, kuma abin da likitoci suka fi tsoro shi ne ya ɓalle a cikin kai.

Nan take na ce a ɗebi nawa, ai naka sai naka. Likitar ta ce, "Malam, mun gode, kuma muna so. Amma naka ba shi za mu sa wa ba." Ta yi mini bayani a tsanake. Jinin ɗan'uwa yana kama da na mara lafiya, har fararen ƙwayoyin jini da suka biyo ledar filatilet ɗin suna iya samun wurin zama a jikinsa ba tare da jikin ya gane baƙi ba ne, daga baya su juyo su yaƙe shi. Shi ya sa jinin dangi sai an bi da shi ta wani haske na musamman kafin a ƙara wa mutum. Ban da wannan, idan wata rana yaron ya buƙaci dashen ɓargo daga cikin dangi, gara jikinsa bai taɓa haɗuwa da jininmu ba. Ledar da aka rataya masa a ranar ta wani bawan Allah ce da ba mu sani ba. Tawa kuma za ta je ga wani da bai san ni ba.

Kafin ranar da aka sa mini, na yi ta tambayar likitoci ina kuma karantawa, don ina so in san abin da za a cire daga jikina da dalilin da ya sa na yaron suka ƙare da sauri haka.

Filatilet ba cikakkun ƙwayoyi ba ne. Ɓarɓashi ne da ke ɓantarowa daga jikin wata ƙatuwar ƙwaya mai suna megakariyosait, wadda ke zaune a cikin ɓargo, musamman na ƙashin ƙugu, ƙashin ƙirji, haƙarƙari da ƙashin baya. Halinta daban ne da na sauran ƙwayoyi. Su idan sun ninka DNA ɗinsu, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan halittarsu, sai su rabu biyu. Ita kuwa ninkawa take yi sau da sau ba ta rabuwa, sai dai ta yi ta girma har faɗinta ya kai maikuromita 50 zuwa 100, alhali jar ƙwayar jini ba ta wuce 7 ko 8 (maikuromita kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita). Idan ta ƙosa, sai ta matso jikin ƙananan hanyoyin jinin da suka ratsa ɓargo, ta zura dogayen hannuwa ta cikin bangonsu. Hannuwan suna da ƙulli-ƙulli kamar duwatsun ado da aka jera a zare, gudun jini kuma ya riƙa tsinka su yana tafiya da su. Waɗannan gutsattsarin, masu faɗin maikuromita 2 zuwa 3, su ne filatilet. Ƙwaya ɗaya takan zubar da dubbansu kafin ta ƙare. Wani likita a Boston ta Amurka, James Homer Wright, shi ne ya gano haka a 1906, da ya rina ɓargo ya duba a madubin likita ya ga launin da ke cikin hannuwan uwar shi ne dai na 'ya'yan. A 2017 kuma masu bincike a San Francisco suka nuna cewa a jikin ɓeraye waɗannan manyan ƙwayoyin kan bi jini har huhu, su zubar da kaso mai yawa na filatilet a can.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gajartar ransu. Jar ƙwaya takan yi kwana 120 tana yawo a jiki. Filatilet kwana 7 zuwa 10 ne kawai, daga nan saifa da hanta su kwashe su. Domin cike gurbin, ɓargon baligi yana fitar da wajen biliyan 100 kowace rana. To shi yaron, ƙwayoyin sankara sun cushe masa ɓargo, sannan kemo, wanda aikinsa kashe duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa, ya haɗa har da iyayen megakariyosait. Idan ɓargo ya tsaya cak, ba a yin mako biyu sai jiki ya nuna.

An gargaɗe ni tun da wuri cewa kada in sha asfirin na kwana biyu kafin in zo, in ci abinci sosai, in sha ruwa. A wurin aka ba ni takarda mai tambayoyi da yawa, aka auna nauyina, domin wanda bai kai kilo 50 ba ba a karɓarsa, aka gwada bugun jini, aka ɗebi ɗan jini a kwalba don a ga yawan jajayen ƙwayoyi da na filatilet. Wanda filatilet ɗinsa ba su kai 150,000 ba sai ya koma gida. Akwai kuma gwajin ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, irin wanda ake yi wa duk mai ba da jini. Matan da suka taɓa yin ciki akan ƙara musu wani gwaji a wurare da dama, saboda ciki kan bar wasu sinadaran garkuwa a jini da ke iya taɓa huhun wanda aka ƙara wa.

Maganar asfirin ta ba ni mamaki, ganin yadda mutane ke shan sa ba tare da tunanin komai ba. Sistar da ke duba ni ta ce ƙwayar asfirin ɗaya ta isa ta raunana kusan duk filatilet ɗin da ke jiki a lokacin. Asfirin yana toshe wani sinadari da suke amfani da shi wajen kiran 'yan'uwansu zuwa wurin rauni, kuma toshewar ba ta warwarewa. Sauran ƙwayoyin jiki za su iya ƙera sabon sinadarin, amma filatilet ba su da cibiyar da ke ɗauke da DNA, sun baro ta a jikin uwarsu. Wanda asfirin ya taɓa haka zai zauna har ya mutu, sai dai a jira sababbi su fito daga ɓargo. Wannan halin ne ya sa ake ba masu ciwon zuciya ɗan ƙaramin asfirin kullum, kuma shi ne ya sa ba a son sa a cikin ledar da za a kai wa mai zubar jini. John Vane na Ingila ya bayyana yadda asfirin ke aiki a 1971, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1982.

Sista ta daɗe tana laluben gwiwar hannuna da yatsa. Ta ce wannan ba irin ɗibar jinin da aka saba ba ce, jijiyar za ta daɗe tana aiki, don haka sai mai kauri madaidaiciya. Ta ce in shiga banɗaki tukuna, don idan aka fara ba tashi.

Gadon kujera ce mai kwantawa, na'urar kuma tana gefen dama, tsayinta ya kai ƙirjin mutum. A gabana aka yage ledar kayan aiki sabuwa fil: siraran tiyo masu yawa, ledoji, da wani zobe na roba da aka shigar cikin na'urar. Na ji daɗin ganin haka da idona, domin jinin ba ya taɓa jikin na'urar ko kaɗan, a cikin robar yake bi, kuma da an gama a jefar da ita. Aka shigar da tsayina, nauyina da adadin filatilet ɗina, na'urar ta lissafa nawa za ta iya ɗauka ba tare da ta bar ni a ƙasa ba. Allurar tana da ɗan kauri, zafinta na shiga ne kawai. Akwai na'urorin da ke amfani da hannu biyu, ɗaya fita ɗaya shiga. Tawa ta hannu ɗaya ce, tana ja tana mayarwa ta allura guda.

Sai na ga jinina ya bi tiyo ya shige. Abin da aka ɗaura mini a damtse ya kumbura, aka ba ni ƙwallon roba aka ce in riƙa matsawa. A ciki zoben yana juyawa da gudu, kana jin ƙararsa ƙasa-ƙasa. Juyin nan ne ke tace jinin bisa nauyi: jajayen ƙwayoyi, da suka fi nauyi, su koma can gefe, ruwan jini ya taso, a tsakaninsu kuma wani siririn layi na fararen ƙwayoyi da filatilet. Na'urar ta tsame filatilet da ɗan ruwan jini ta tura leda, sauran ta maido. Idan lokacin mayarwa ya yi, ɗaurin damtse ya saki, Sista ta ce in daina matsawa, sai in ji wani sanyi yana hawa hannuna, saboda jinin ya ɗan huce a waje. Haka aka yi ta yi, ja da mayarwa. Da na ɗan karkata hannu na'urar ta yi ƙara ta tsaya, Sista ta zo ta gyara zaman allurar aka ci gaba.

Can sai na ji leɓɓana suna yam-yam, kan hancina ma haka, ga wani ɗanɗanon ƙarfe a baki. An riga an gaya mini in faɗa da zarar na ji, don haka na kira ta. Ta ce, "Sannu Malam, sitiret ne." Jini idan ya bar jijiya daskarewa yake yi, kuma daskarewar ba ta yiwuwa sai da kalsiyam. Saboda haka na'urar tana ɗiga masa sitiret, wanda ke kama kalsiyam ya riƙe. Idan jinin ya dawo, wani ɓangare na sitiret ɗin yana biyo shi, kalsiyam ɗin jiki ya ɗan ragu, jijiyoyin leɓe da yatsu su fara sanarwa. Ta rage gudun na'urar, ta ba ni ƙwayoyin kalsiyam na tauna, ta lulluɓe ni da bargo. Ba a jima ba abin ya lafa. Hanta takan narkar da sitiret cikin ɗan lokaci. Duk wanda zai je, kada ya yi dauriya a kan wannan, ya faɗa da wuri, gyaransa ba wuya.

Zaman yana ɗaukar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, hannu ɗaya a miƙe ba motsi. Wahalar ke nan, kuma ba ƙarama ba ce ga mai ƙaiƙayin zama. Ina kwance ina kallon na'urar sai na tuna abin da na karanta game da asalinta. Kafin shekarun 1960, zubar jini yana cikin manyan abubuwan da ke kashe yara masu sankarar jini, tun kafin maganin ya samu damar yin aiki. Likita Emil Freireich, a Cibiyar Sankara ta Ƙasa ta Amurka, ya nuna cewa zubar tana bin raguwar filatilet ne, kuma idan aka ƙara musu sababbi tana tsayawa. Daga baya ya haɗa kai da wani injiniyan kamfanin IBM, George Judson, wanda ɗansa ke fama da sankarar jini, suka ƙera na'urar da ke raba jini yana gudana. Uba ne da ciwon ɗansa ya hana shi zama, kuma ni da nake kwance a nan saboda ɗan ƙanwata, na san irin abin da ya ji.

Da aka kusa gamawa Sista ta ciro ledar ta nuna mini. Ba ja ba ce. Rawaya ce mai duhu-duhu, ruwan da ɗan kauri. Ta ɗaga ta saitin fitila ta ɗan matsa ta da yatsu, sai na ga wani abu yana murɗawa a ciki, yana walƙiya yana bajewa. Ta ce wannan murɗawar ita suke nema. Filatilet masu lafiya faifai-faifai suke, idan ruwan ya motsa sai su jeru su karkatar da haske. Idan sun lalace sukan dunƙule, murɗawar ta ɓace. A cikin ledar nan akwai filatilet wajen biliyan 300, abin da sai an haɗa na mutum huɗu zuwa shida masu ba da jini na yau da kullum kafin a samu. Ga mara lafiyar da za a yi ta ƙara wa har watanni, samun leda daga mutum ɗaya yana rage yawan jinin mutane daban-daban da jikinsa zai haɗu da shi.

Aka zare allurar, aka ɗora auduga, aka ce in danna in ɗaga hannu. A ƙarƙashin yatsana, a cikin 'yan mintocin nan, aikin da ake ta wannan wahala dominsa yake gudana.

Muddin jijiya lafiya take, shimfiɗar cikinta santsi gare ta, kuma tana fitar da sinadaran da ke sa filatilet su wuce ba su tsaya ba. Jajayen ƙwayoyi sukan bi tsakiyar hanya, su ture filatilet zuwa gefe, don haka kullum suna goga bango. Da allura ta huda bangon, zaren kolajen da ke ƙarƙashin shimfiɗar ya bayyana. Wani dogon furotin da ke yawo a jini, mai ɗauke da sunan Erik von Willebrand, likitan Finlan da ya bayyana ciwon rashinsa a 1926, sai ya manne wa kolajen ya miƙe, ya riƙa cafko filatilet daga cikin gudun jini. Wanda aka cafko nan take yake sauya kama: faifan ya kumbura, ya fitar da ƙafafu, ya baje a kan raunin, ya zazzage sinadaran da ke cikinsa. Sinadaran su ta da na kusa, su ma su manne, su kira wasu. Wani furotin mai suna fibirinojen ya riƙa haɗa su biyu-biyu har su zama toshi. Toshin farko ba shi da ƙarfi, shi ya sa ake cewa ka danna kada ka leƙa. A kan jikin filatilet ɗin da suka farka ne sinadaran daskarar da jini ke taruwa, su saƙa zaren fibirin ya ɗaure toshin tam. Bayan haka filatilet su ja zaren su tsuke bakin raunin, su kuma saki sinadaran da ke sa sabuwar tsoka ta tsiro. Giulio Bizzozero na Italiya ya kalli farkon wannan da idonsa a 1882, a cikin jijiyar dabba mai rai, ya ga su ne ke fara taruwa a inda aka ji wa jijiya ciwo.

Ba sai an yanke ba suke aiki. Ƙananan hanyoyin jini suna samun 'yan kafofi kullum, filatilet suna bi suna liƙewa ba wanda ya sani. Idan suka yi ƙaranci, jini ya riƙa tsiyaya ta kafofin zuwa ƙarƙashin fata. Haka kuma idan kitse ya taru a bangon jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa ya fashe, su dai rauni suka gani, sai su taru su toshe hanyar gaba ɗaya. Ciwon bugun zuciya da kaso mai yawa na shanyewar ɓarin jiki daga nan suke.

Da Sista ta ɗaga audugar, wurin ya bushe. Ta manna filasta, ta ce kada in ɗauki kaya mai nauyi da hannun a ranar.

Na tambaye ta ina za a kai ledar, ina tsammanin firiji. Ta ce a'a. Jajayen ƙwayoyi ana ajiye su a firiji har kwana 35 zuwa 42, ruwan jini a daskarar da shi ya shekara. Filatilet kuwa idan sanyi ya taɓa su, da an ƙara wa mutum hanta take kwashe su cikin sauri. Scott Murphy da Frank Gardner suka nuna haka a 1969, tun daga lokacin ake ajiye su a ɗumin digiri 20 zuwa 24. Ta leƙa da ni ta gilashin ƙofa na ga akwatin: ledoji a kwance a kan faranti, farantan suna kai da komo dare da rana ba tsayawa, domin ƙwayoyin suna numfashi ta jikin ledar kuma ba a so su kwanta su cure. Sai dai ɗumin da ya yi musu daɗi ya yi wa ƙwayoyin cuta na bakteriya daɗi. Saboda haka kwana biyar ake ba leda, bakwai a inda ake yin ƙarin gwaji, kuma a cikin kwanakin har da waɗanda gwaje-gwaje suka ci.

Wannan ne ya sauya mini tunani a kan al'amarin baki ɗaya. Ba abu ne da asibiti zai tara ya ajiye don ranar buƙata ba. Ledar da za a sa wa yaro ranar Juma'a, dole wani ya kwanta a gadon nan a cikin makon. Ita ma idan ta shiga jikinsa 'yan kwanaki take yi, sai a sake neman wata, har ɓargonsa ya farfaɗo. Ƙanwata ta sha zama tana jiran a ce leda ta samu, kuma abin da take jira a gaskiya shi ne wani mutum ya bar aikinsa na rabin yini.

Na tashi ba jiri, ba kasala irin ta wanda aka ɗebi cikakken jini, tunda jajayen ƙwayoyina sun dawo mini. Gurbin da aka bari kuma jiki ya san yadda yake cike shi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na filatilet ɗin mutum a saifa suke zaune, suna shiga jini idan an buƙace su. Hanta kuma kullum tana fitar da wani sinadari da ake kira TPO, wanda ke umartar ɓargo ya ƙera megakariyosait. Filatilet da kansu suke tsotse shi daga jini. Idan suna da yawa, kaɗan ne ke isa ɓargo. Idan suka ragu, sai ya yi yawa, ɓargo ya ƙara himma. Sai a 1994 aka iya ware wannan sinadarin, kuma yau akwai magungunan da ke kwaikwayonsa ga masu ƙarancin filatilet. Cikin 'yan kwanaki adadin mai bayarwa yake komawa daidai. Shi ya sa ƙungiyar Red Cross ta Amurka take karɓar filatilet daga mutum duk bayan kwana 7, har sau 24 a shekara, alhali cikakken jini sai bayan kwana 56. Wasu ƙasashen suna ba da tazarar da ta fi haka.

Na bar musu lambar wayata. Da suka kira na koma, aka sake ɗibar ɗan jini a kwalba kamar farko, sakamakon ya nuna adadin ya koma inda yake. Wannan karon na sha ƙwayoyin kalsiyam tun kafin a kunna na'urar, na kuma ce a yi amfani da hannun hagu don in samu na dama in riƙe waya.